Lorna Kivela, Matar da Ta Ƙwace Min Jama'a

Kowace Asabar, tun kafin motar share dusar ƙanƙara ta gama da titin da ya gangara bakin tafki, Lorna Kivela ta riga ta buɗe ɗakin ƙasa na cocinmu a nan Duluth. Kofi take fara ɗorawa. Sai ta jera kujeru, ta zazzage jakar saƙarta, wadda babu zare ko ɗaya a ciki sai wayoyin kwamfuta da filash. Kafin ta zauna mutane sun fara saukowa, kowa rungume da tsohuwar kwamfuta kamar mai kai jinjiri asibiti. Sama da shekara ashirin tana wannan aiki ba ko sisi, bayan ta kwashe mako tana tsara zirga-zirgar motocin 'yan makaranta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye. Amosanin gaɓɓai ya kama mata yatsu, 'yarta kuma ta matsa lallai sai ta koma kusa da ita a Arizona.

Ni ne Wendell Oberg. Tare muka kafa teburin gyaran kwamfutar nan da ita, kuma gara in faɗa tun yanzu kada wani ya riga ni: kishinta nake yi. Na yi jiya, ina yi yau, kuma da shi nake rubuta wannan jinjina.

Linux ce ta haɗa mu, babbar manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta, wadda kyauta ce kuma kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Sai dai ba iri ɗaya ba ce. Kowane rukunin masu haɗa ta da irin nasu, kowane iri kuma da masoyansa, masoyan nan kuwa ba sa ga maciji da juna. Ni ɗan Debian ne, har sitika na liƙa a bayan motata. Curtis Vang, wanda ke zama kusa da ni, ɗan Fedora ne. Rabin Asabar ɗinmu a musu take ƙarewa.

"Kai Wendell, wannan Debian taka ai ta girmi kakata," in ji Curtis.

"Gara tsohuwa mai hankali da taka da ke sauya riga kafin ta farko ta yi datti."

"Tsohuwa dai tsohuwa ce, malam."

Lorna ba ta taɓa sa mana baki ba. In baƙo ya gaji da hayaniyarmu ya juya ya tambaye ta wacce ta fi kyau, amsarta ɗaya ce: "A gidan wa?" Daga nan sai ta jawo kujera ta fara tambaya. Me kake yi da kwamfutar? Wa ke taɓa ta ban da kai? Idonka yana ganin ƙananan rubutu? In ta lalace ranar Talata, wa za ka kira? Yawanci a kan wani irin da ake kira Mint take tsayawa, don fuskarta ta yi kama da abin da mutane suka saba. Ni kuwa raina ya dinga sosuwa ke nan, don na san Debian ma za ta yi.

Ga abin da ya fi ci min rai. Na fi ta sanin cikin kwamfuta, ita ma da bakinta take faɗa. In na'urar kama intanet ta ƙi, ko firinta ta yi taurin kai, sai ka ji ta ɗaga murya: "Wendell, zo ka yi tsafin nan naka." In zo, in yi gumi, in gyara. Asabar mai zuwa mai kwamfutar ya dawo da kek ɗin tuffa, ya wuce ni, ya ajiye a gabanta.

Haka aka yi da Duane Saari. Duane ya yi rayuwarsa a ɗakin injin jiragen ruwa masu dakon tama, kunnensa ya yi nauyi, idonsa ma ya soma gazawa. Matarsa Bev ta samu shanyewar ɓarin jiki aka kai ta gidan kula da tsofaffi a can bayan gada, shi kuma likita ya hana shi tuƙi. Da hunturu ya kankama, hanyar ganinta ɗaya ta rage masa, kiran bidiyo. Tsohuwar kwamfutarsa kuma ta tsufa har manhajar kiran ta daina hawa kanta. Ya zo ya ajiye ta a kan teburi, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"An ce in sayi sabuwa. Ni sabuwar ma tsoronta nake ji. Ina so dai in ga matata."

Lorna ta sa masa Mint. Kyamarar ta ƙi aiki, ni na yi fama da ita har kofina ya huce. Da na gama na miƙe ina jiran a ce sannu. Lorna ba ta ma ɗago ba. Ta kwashe duk abin da ke fuskar kwamfutar, ta bar abu ɗaya tak, hoton Bev, babba, yadda in ya danna shi kira zai tafi. Sannan ta ɗauki kwamfutar ta sa a motarta ta kai shi gida, ta zauna a kicin ɗinsa har ya yi kiran da hannunsa. Ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe wa Bev waya ta ba mu labari daga baya, ta ce Bev, wadda maganarta ba ta fita sosai, da ta ga fuskarsa sai ta ce, "Je ka yi aski." Duane ya yi dariya har da hawaye. Duk hunturun nan kullum sai sun gaisa, har Allah ya yi mata rasuwa da bazara. Har yau Duane na kawo bandar kifi coci. Ba sai na faɗi sunan wanda yake rubutawa a jikin takardar da ya naɗe kifin ba.

Akwai wata kuma da ba zan ambaci sunanta ba. Ta shigo da rana tsaka, ta ƙi zama, idonta na kan matakala. Ta ce kwamfutarta na da nauyi. Ni na karɓa na fara yi mata bayanin yadda Debian ba ta cin ƙarfin na'ura. Lorna ta dube ta sau ɗaya, ta ce min, "Wendell, kofi ya ƙare, je ka ɗora wani." Kofi bai ƙare ba. Matar fasto, wadda ke wanke kofuna a lokacin, ita ta ji sauran ta ba ni labari. Ashe mijin baƙuwar ne ya dasa wani abu a kwamfutar yana karanta duk saƙon da ta tura, ita kuma tana shirin barin gidan da 'ya'yanta. Lorna ta ce kada a taɓa waccan, don in aka goge zai gane. Ta ɗauko wata ƙarama daga cikin waɗanda aka ba mu sadaka, ta sa mata sabuwar manhaja, ta koya mata kulle ta da kalmar sirri, ta ce ta bar ta a kabad ɗin coci ta riƙa zuwa tana amfani da ita. Ta haɗa ta da masu gidan fakewar mata. Yau matar na wani gari, tana aiki, yaranta na makaranta. Ni abin da na gani a ranar kwamfuta ce mai nauyi.

To duk wannan da sauƙi. Bara na shiga kicin ɗin gidana na tarar da matata Gail tana duba hotunan jikoki, na leƙa sai na ga koren tambarin Mint a kwamfutar da ni da kaina na sa wa Debian.

"Gail, wa ya taɓa wannan?"

"Lorna."

"Kina da ni a gida?"

"Ina da kai mana. In na tambaye ka yadda ake buga takarda sai ka ba ni tarihin firinta. Ita nuna min take yi."

Da na kai ƙara wurin Curtis, dariya ya yi har ya ƙware. "Mutumina, an ci ka har gida!"

Lorna, yanzu da ke nake. Ke ce kika bar lambar wayarki a ƙarƙashin kowace kwamfuta da ta bar ɗakin nan, kuma in an kira kina ɗauka, ko kina tsakiyar cin abinci. Ke ce ba ki taɓa ce wa tsoho "ai na nuna maka wancan makon" ba. Inuwar ɗakin ƙasa, mai haƙurin da ya gagari maza biyu masu surutu. Mu muna son manhaja, muna neman mutanen da za mu ɗora mata. Ke mutanen kike so. Na gane bambancin tun tuni, ganewar ce dai ba ta rage min zafi ba. Ranar da kika gaya mana za ki tafi, na ɗauka zan ji daɗi, fili ya zama nawa. Sai na tsinci kaina a mota na kasa tayar da ita.

Ranar Asabar da ta wuce ta miƙa min makullin ɗakin. Na tambaye ta me ya sa ni, ba Curtis ba.

"Don kai ne ba ka taɓa fashi ba," in ji ta. "Kana ta ƙorafi, amma kana zuwa. Sai dai ka rage wa'azi, Wendell. Ka bari su fara magana."

Mun gode, Lorna. Duane ya gode, matata ta gode, ni ma na gode, ko da yake da ƙyar ta fito. Allah ya sa zafin Arizona ya sassauta miki yatsun nan.

Ku kuma da kuka iya wani abu, ko kwamfuta ce ko famfo ko keken ɗinki, akwai wani a unguwarku da abin ya tsaya masa yana jin kunyar tambaya. Ku je ku zauna a kicin ɗinsa yadda matar nan ta yi. In kuma kun biyo ta cocinmu da tsohuwar kwamfuta, ku sauko, ƙofa a buɗe take. Za ku tarar da wani tsoho ya ɗaure fuska yana ƙoƙarin yin shiru. Ku yi haƙuri da shi, yanzu ya fara koyo.