Abin da Torquil Ya Ajiye a Ƙarƙashin Ruwa

Torquil MacAskill mijin yayata ne, kuma ya yi shekara hamsin a kan teku ba tare da ruwan gishiri ya taɓa kai masa cibiya ba. Ni ne akawun tashar jiragen ruwa ta tsibirinmu. Aikina in rubuta jirgin da ya fita da wanda ya dawo, da mutanen da ke ciki, saboda haka na san shige da ficensa fiye da yadda yayata Effie ta sani lokacin tana da rai.

A garinmu masunci ba ya koyon iyo. Haka muka taso muka tarar. Tsofaffi sun ce idan jirgi ya kife a ruwa mai sanyi irin namu, wanda ya iya iyo wahalarsa kawai yake ja. Iyo na baƙi ne, da irinmu da aka tura makarantar kwana a Inverness muka dawo da biro a aljihu. Torquil ya riƙe wannan al'ada kamar addini. Duk wanda ya tambaye shi me ya sa bai taɓa shiga ruwa ba, amsa ɗaya yake samu: "Me zan je yi? Ban ajiye komai a can ƙasa ba."

Abokan gabarsa biyu ne a duniya. Na farko karnukan teku, waɗannan ƙattin dabbobi masu gashin baki da ke kwanciya a kan duwatsun Sgeir Dhubh suna shan rana. Sun yaga masa raga, sun cinye masa kifi sun bar masa kawuna, shi kuma ya zage su da duk zagin da ya gada. Na biyu Hector Morrison, maƙwabcinsa. Wata shekara bayan guguwa Torquil ya je ɗauko jerin kwandunansa na kama ƙaguwa a gefen duwatsun, bai tarar da su ba, bai tarar da ƙwallon alamar da ke yawo a kansu ba. An ga jirgin Hector a wajen da safe. Torquil bai nemi wata shaida ba. Ya ce ƙullin da yake yi wa igiyar alamar ba ya kwancewa, tun da aka haife shi bai taɓa kwancewa ba, don haka hannun mutum ne. Kusan shekara ashirin ke nan suna zama a benci ɗaya a bakin tasha, suna zuwa coci ɗaya, ba wanda ke gaida wani.

Da kamun kifi ya ja baya, 'yarsa Dolina ta dawo daga Glasgow da wata dabara. Ta ce akwai mutanen da za su zo daga nesa don a kai su Sgeir Dhubh, a sa musu rigar roba da gilashin fuska da bututun shaƙar iska, su kwanta a kan ruwa suna kallon karnukan teku.

"Su biya don su ji sanyi?" in ji Torquil.

"Su biya, Baba."

"Su kalli ɓarayin nan?"

"Har hoto za su ɗauka."

Ya ce duniya ta zo ƙarshe. Amma ya wanke jirgin, ya kafa benci biyu, ya saya wa baƙi bargo. Shi yake riƙe sitiyari, Dolina ke shiga ruwa da su. Kafin su sauka shi ne ke tsayawa da hularsa ta ulu yana yi musu bayanin yadda za su shaƙi iska a hankali, kada su firgita, su saki jiki ruwa ya ɗauke su. Yana faɗa da muryar wanda ya ƙware, baƙin kuma suna gyaɗa kai, ba su san mai bayanin ko bahon wanka ba ya cika wa ruwa ba. Idan sun fito suna rawar sanyi ya ba su shayi da biskit, ya nuna musu wani tsohon karen teku mai tabo a wuya ya ce, "Wancan abokina ne tun da daɗewa." Ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. Sun daɗe da sanin juna.

Haka aka yi bazara uku lafiya. A ta huɗu igiyar ruwa ta janye wata mata 'yar Jamus daga cikin sauran, ruwa ya shiga bututunta, ta fara fafutuka a gefen jirgi. Dolina tana can nesa da wasu. Torquil ya tsaya a kanta, taku biyu tsakaninsu, bai iya sauka ba. Sai ya ɗauko doguwar sandar nan mai ƙugiya da ake jawo igiya da ita, ya maƙale ta a ƙeyar riga ya jawo ta ciki kamar kwandon ƙaguwa. Matar ba ta ji ciwo ba. Har ta rungume shi, ta ce al'adar tsibirin ta burge ta.

Dolina ba ta burge ba. A ofishina ta same shi da yamma, tana tsaye gashinta yana ɗiga.

"Baba, da ta nutse ƙasa da tsawon sandar fa?"

"Ai ba ta nutse ba."

"Ka ji ni da kyau. Kafin bazara mai zuwa ka koyi iyo, ko kuma in ɗauko matuƙi daga Oban, kai ka zauna a benci da tsofaffi. Kawu, kai ne shaida."

Na ce na ji. Jirgin da sunanta yake yanzu, shi da kansa ya mayar mata, kuma duk wanda ya san Effie ya san 'yarta ba ta magana biyu.

Torquil ya yi hunturu guda yana cewa wasa take yi. Da furanni suka fara fitowa ya ga wani saurayi ɗan Oban ya sauka daga jirgin fasinja, Dolina tana zagayawa da shi tana nuna masa inji. Washegari da sassafe ya leƙo ofishina.

"Mai biro, kana aiki?"

"Kullum ina aiki."

"Wannan abin da aka koya muku a makaranta. Na kwaɗi."

"Iyo?"

"Rage murya mana! So kake duk tasha ta ji?"

Akwai wurin wanka a makarantar gari, mai ruwan ɗumi, amma tsofaffin mata ne ke zuwa motsa jiki a can, kuma matar Hector tana cikinsu. Bakin yashi kuwa daga tagar kowa ana hango shi. Ranar Lahadi gari yana coci, ba mai gani, amma wanda ya taɓa jirgi ran Lahadi a garinmu gara a ce ya yi sata. Muka duba tsibirin kaf, wuri ɗaya ne ɗan gari ba ya zuwa da son ransa: Sgeir Dhubh. Haka Torquil ya koma wurin karnukan teku neman rufin asiri.

Muka riƙa fita da safe da sunan gwajin inji. A littafin tasha ma haka nake rubutawa, kuma don kada in yi ƙarya nakan sa shi ya kashe injin ya sake tayarwa. Rigar robar a gida yake sa ta, ya ɗora wandonsa da rigar ruwansa mai ruwan ɗorawa a kai, yana tafiya a kan tasha kamar wanda aka ɗaure da katako. Rannan Hector ya bi shi da kallo ya ce wa na kusa da shi, ba Torquil ba, "Wasu dai kasuwa ta karɓe su. Ka ga ƙiba."

Ranar farko ya ƙi cire takalman ruwansa. Ya ce ubansa bai taɓa cire takalmi a jirgi ba. Na ce ubansa bai taɓa fita daga jirgin da gangan ba. Ya cire, ya sa takalman nan masu faɗi irin ƙafar agwagwa, sannan ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya ɗaure ɗaya bakin a jirgi da ƙullinsa da ba ya kwancewa. Ya sauka tsani a hankali har ruwa ya kai masa ƙirji, ya tsaya nan.

"Saki tsanin," na ce.

"Kai ka saki naka bakin."

"Ka saki jiki ruwa ya ɗauke ka. Kada ka firgita. Ba haka kake gaya wa baƙi ba?"

"Su ai biya suka yi."

Karnukan teku suka gangaro daga duwatsu suka kewaye shi, kawunansu a waje, suna kallo. Mai tabon ma ya zo. Wani ƙarami ya nutsa ya kama takalmin agwagwar da haƙori yana ja, kamar yadda suke yi wa baƙi, baƙi kuma su yi ta murna. Torquil ya yi ihun da ban taɓa jin irinsa ba.

"Ka gani ko? Ka gani? Har takalmin ƙafata!"

Makonni muka yi a haka. Ya koyi sakin tsani, ya koyi kwanciya a kan ruwa, amma kansa a sama kamar akuyar da aka tura kogi, gilashin yana goshi. Fuskarsa dai ya ce ba za ta shiga ba. Ga bazara tana matsowa, ga ɗan Oban ya kama ɗaki a gari.

Wata safiya ruwa ya kwanta, ya yi garau. Na ce masa yau ko ya sa fuska ko in daina zuwa, tun da ni ma ina da aiki. Ya zage ni, ya zagi makarantar da ta koya mini, ya jawo gilashin, ya cusa bututun a baki, ya kifa kai.

Na zaci zai ɗago nan take. Bai ɗago ba. Baƙi idan sun kifa kai a wurin nan sukan fito suna hawaye, suna maganar ciyawar teku mai lilo da hasken rana da ƙananan kifaye kamar azurfa. Na ce a raina, to, shi ma abin ya kama shi. Sai na ji wata ƙara tana fitowa ta bututun, kamar saniya tana kuka cikin kwalba. Ƙafafunsa suka fara bugun ruwa. Ya yi gaba, igiyar ta miƙe, ta ɗan ja, sai ga bakinta ya zame daga jikin jirgi ya bi shi. Ƙullin ya kwance. Bai ma sani ba. Ya yi ta tafiya, kai a ƙasa, har ya kusa zagaye dutsen, karnukan teku biyu suna binsa a baya. Na tayar da inji na bi shi, na ga mutum yana iyo, mummunan iyo amma iyo.

Da ya ɗago ya tofar da bututun, fuskarsa ja wur.

"Kwandunana," ya ce.

"Waɗanne?"

"Nawa mana! Ga su nan a jere, duka! Da shuɗin zaren da nake ɗinke murfi da shi!"

"Waɗanda Hector ya sace?"

Ya kalli jirgi, ya kalli nisan da ya yi, ya kalli igiyar da ke yawo a bayansa ba a ɗaure da komai ba. Ya daɗe yana kallon igiyar.

Da a ce mutum ne mai wayo, da ya yi shiru. Amma kwandon kirki ne, mai ƙarfe, kuma Torquil ba ya barin kayansa a hannun kowa, ko teku ce. Ya sa na zura ƙugiya yana yi mini kwatance daga cikin ruwa, har muka jawo guda ɗaya, ya yi tsatsa, ciyawa ta lulluɓe shi, da ƙaguwa biyu a ciki da suka mai da shi gida. Muka kama hanyar gida. Ya manta bai ɗora rigar ruwansa ba.

Tsofaffi suna benci lokacin da muka iso. Torquil ya hau tasha cikin baƙar rigar roba, tumbi a gaba, ya ɗauki kwandon ya je ya dire shi a gaban Hector.

Hector ya dubi kwandon, ya taɓa shuɗin zaren da ƙafa.

"A ina ka samo?"

"A ƙasa."

"Yaya aka yi ka gan shi a ƙasa?"

Torquil ya dubi rigar robar da ke jikinsa. Ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Sai wani tsoho a can ƙarshe ya fara tari, tarin ya koma dariya.

"Torquil," in ji Hector, karo na farko da ya kira sunan a shekarun nan, "satar da ka ɗora mini na yafe, ai maƙwabta ne. Amma iyo? A shekarunka? Me za mu gaya wa ubanka idan mun je?"

"Ka gaya masa ƙullinsa da ya koya mini ne ba shi da kyau."

"Matso ka zauna. A'a, can gefe, kada ka jiƙa ni."

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Dolina tana bakin ƙofa da tawul. Ba ta nemi ya gwada mata ba. Mutum bakwai sun riga sun rantse mata, kowa da nasa ƙarin, har da wanda ya ce a bayan karen teku ya dawo. Ya fara ba ta labarin kwandunan, ta katse shi.

"Na san su, Baba. Bazara huɗu ina nuna wa baƙi. Gidan ƙaguwa nake ce musu."

"Kin sani ba ki gaya mini ba?"

"Sau nawa na ce ka zo ka leƙa? Ka ce ba ka ajiye komai a can ƙasa ba."

Ɗan Oban ya koma a jirgin fasinja na ƙarshen mako. Torquil yana nan a sitiyarinsa. A benci sun daina kiran sa da sunansa, Karen Teku suke ce masa, kuma yara idan sun gan shi sukan tafa hannu suna haushi. Ya ce ba ya ji. Yanzu idan ruwa ya kwanta yakan ɗaure jirgi ya sauka tare da baƙi. Dolina tana nuna musu dabbobi, shi kuma yana can gefe shi kaɗai, kai a ƙasa, yana duba kayan mutane. Ya gano anga biyu, ƙarfen nan da ake jefawa ruwa a tsayar da jirgi, da injin wani ƙaramin jirgi da aka daɗe ana zargin wasu 'yan tsibirin Barra da ɗauka.

Kwanan baya Hector ya leƙo ofishina da sassafe, ya rufe ƙofa, ya tsaya yana juya hula a hannu. Ya ce akwai wata sarƙar jirgi da ya rasa tun kafin a haifi Dolina, kuma a lokacin ya faɗi wasu maganganu a kan ƙanen matarsa. Ya ce ba wai zai shiga ruwa ba. Tambaya kawai yake yi, ko rigar robar nan tana da girmansa.