Sunan da ban rubuta ba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da safiyar da matan Dakoro suka kunyata ni a gaban lokotoro ba, wato likitanmu. Shekarun ƙarshe ne na mulkin Faransa, ina ƙaramin ma'aikacin likita, an gama girbin hatsi.

Ku yaran yanzu ba ku san tsarin ba. Ni nake fara zagaya ƙauyuka, in rubuta sunayen waɗanda gashin idonsu ya juya ciki yana kartar ƙwayar ido. Ciwo ne da ke makantarwa in an bar shi. Bayan mako guda lokotoro Bature ya zo ya yi ɗan yanka a fatar idon, gashin ya koma waje. Ko dala ba a biya.

To, kyautar ce ta ɓata mana aiki. Nasaran da ya saba kwasar maza aikin hanya, yau shi ne mai tausayin idon talaka? Ga kuma gardi, ɗan sandan kumandan mai mulkin yankin, an tsayar a bakin rumfa da bulala, wai don tsara layi.

A wannan safiyar lokotoro ya duba mace ta farko, babu gashi ko ɗaya. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Ya cire tabarau ya ce mini, "A inuwa ka zauna ka ƙirƙiro sunayen nan?"

Sai na hango hantsaki rataye da zare a wuyan wata tsohuwa, Inna Tabawa. Ashe da asuba duk suka tsige gashin don kada a sami abin yankawa. Na durƙusa na ce, "Inna, zai sake tsirowa kamar ƙaya. Kyauta ce fa."

Ta ce, "In kyauta ce, mi ya kawo gardi?" Sai ta ƙara: "Kai ba ɗan Hajo ta Kornaka ba ne? Tare muka sayi hantsakinmu a kasuwa. Ina sunanta cikin takardar taka?"

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Uwata ta fi shekara biyar tana tsigar ido, kuma da gangan na tsallake gidanmu. Ni da ke wanke wuƙar ban yarda da ita ba, amma na rubuta iyayen wasu.

Na faɗa wa lokotoro gaskiya. Ya sallami gardi, ya ba ni kwana uku. Na ɗauko uwata a kan jaki. A hanya ta ce, "In na makance, kai za ka ja ni." Da hannuna na riƙe kanta aka yi aikin, mata na leƙe ta zana.

Ranar da aka kwance bandeji, ta ƙifta ido ta sake ƙiftawa, ta ciro hantsakinta ta miƙa wa Inna Tabawa. Ita kuwa ta ce, "Riƙe abinki, ni ce ta gaba."

Don haka in mutanen karkara sun guje ku, kada ku yi saurin ce musu jahilai. Ku fara duba takardarku, ku ga sunan wa kuka tsallake.