Sun Ce Zauren Kaka Ne Ya Ɓata Gidan

Ashe gidan Kaka ba gina shi aka yi ba! A masana'anta aka ƙera shi, aka kawo shi a bayan mota gunduwa-gunduwa, aka ɗaure da noti. Ranar da na gano haka ina tsugune a bayan kicin, na kankare fenti da makulli sai ga kan noti, na yi ihu har Mama ta ɗauka ɓera na gani. Shekara tara ke nan da rasuwar kakana, Alhaji Garba, kuma sai yanzu da ake shirin ɗauke gidansa na san irin gidan da muka yi rarrafe a ciki.

Ni fa ba architect ba ce, a pharmacy nake aiki a unguwar Levenshulme, nan Manchester. Ɗan abin da na sani a library na tsince shi. Irin waɗannan ƙananan gidaje marasa bene, bungalow, bayan yaƙin duniya na biyu aka yi su, don mutanen da bam ya rushe wa gidaje, da niyyar su ɗan kwana biyu a rushe su. Na Kaka kaɗai ya rage a layin. Gidan na council ne, wato hukumar gari, suna son filin su yi flats, gidajen bene. Wani museum, gidan adana kayan tarihi, can hanyar Birmingham ya ce zai kwance shi ya kai can ya sake ɗaurawa. Hanya ɗaya ce zai tsaya inda yake: a sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa. Ni na nemi a yi hakan.

Da Kaka ya karɓi gidan, abu biyu suka hana shi sukuni. Na farko, baƙo yana buɗe ƙofa sai tsakiyar falo, inda kakata take zaune. Sai ya samo katako ya yi ɗan zaure a gaba, ya shimfiɗa tabarma, ya sa heater. Duk wanda ya sauka garin nan daga gida bai san kowa ba, ɗalibi ne ko likita, a zauren nan yake kwana har ya samu ɗaki. Na biyu, banɗaki yana kallon alƙibla. Ya cire komai na ciki, ya juya masai, ya sa famfo ƙasa-ƙasa don alwala.

Ina tuna shi a bakin famfon nan yana tsokanata. "Amarya, wannan alwala ce ko wankin mota? Ki bar wa Ingila ruwanta mana." In na ce masa "sorry", sai ya ce, "Da Hausa za ki ba ni haƙuri, ni ban auri Baturiya ba."

Watan jiya hukumar gine-ginen tarihi ta turo wata mata ta duba gidan. Mutuniyar kirki ce, har takalmi ta cire. Ta shafa bangon tana murmushi, zuciyata ta fara murna. Sai ta leƙa banɗaki. Ta ce abin da ke ba irin gidan nan daraja shi ne kayansa na asali, musamman na banɗaki da fuskar gidan, kuma nan duka biyun an canza. Na tambaye ta, in museum ya ɗauka, zauren fa? Ta ce za su mayar da gidan yadda ya fito daga masana'anta. Wato zauren bola za shi.

Kawu Sani, ƙanen Mama, yana tsaye a ƙofa. Ya ce, "Ke Zainab, ki bar wahalar da kanki. Baba kansa bai taɓa kiran nan gida ba." Abin da ya fi ci mini rai, gaskiya ya faɗa. Kowace shekara Kaka cewa yake baɗi zai koma Kano. A Manchester aka binne shi, ana yayyafi.

Nakan tambayi kaina me zai ce yau. Ina jin dariya zai yi, ya ce Turawa na son gidansa amma ban da shi a ciki. Amma na san zauren nan ya fi ƙaunarsa a kan duk sauran gidan. Yara za su je museum su ga kicin ɗin wata Baturiya da ba a taɓa yi ba, babu mai gaya musu an yi sallar jam'i a ƙofar nan cikin sanyi.

Kafin matar ta tafi ta ce saura ƙofa ɗaya, kuma ƙarama ce: in aka nuna gidan yana da muhimmanci a tarihin mutanen da suka zauna wurin, za a sake dubawa. Na fara neman waɗanda suka kwana a zauren. Wanda duk na ambata, sai Mama ta ce Allah ya jiƙansa, ko ta ce ya koma gida an rasa labarinsa.

Shi ya sa na zo gare ku. In babanku ko kawunku ya taɓa ba ku labarin wani zauren katako a Manchester da ya kwana ciki daren farko, don Allah ku faɗa mini. Ko da abin da kuka riƙe bai wuce ƙamshin shayin Kaka ba, ina so. Famfon yana nan, jiya ma na yi alwala da shi.