Tuffar da Muka Binne Cibiya a Gindinta

A shekarar da muka sayi gida a Upper Marlboro, wajen tsakiyar shekarun tamanin, ba na jin akwai macen da ta kai ni zargi a duk faɗin Maryland. Ina iya faɗi yanzu tunda furfura ta rufe ni. Gidanmu shi ne na ƙarshe a layin, yana cikin kwari, da ɗan rafi yana bi ta bayansa. Mu kaɗai ne 'yan Afirka a wurin. Abokan aikina a asibiti sun riga sun cika mini kunne cewa akwai unguwannin da ba a korar baƙo da baki, sai dai a yi ta yi masa ƙananan abubuwa har ya gaji ya tattara nasa ya nasa. Na shiga gidan ido a buɗe, ina jiran in ga ta inda za a fara.

A kan tudun da ke sama da mu akwai wani tsohon Bature, shi kaɗai yake zaune. Dogo ne, ga wuya kamar na zalɓe, kuma ba ya gaisuwa. Sau biyu ina ɗaga murya in gaishe shi, ko waiwayowa bai yi ba. A wurinmu wanda ba ya amsa gaisuwa, in ba taɓin hankali ba, to akwai wata a ƙasa. Na sa shi a raina tun daga ranar.

Da na haifi 'yata ta fari, Mama ta zo daga kudancin Kaduna don ta kula da ni. Ranar da cibiyar jaririyar ta faɗi, Mama ta naɗe ta a ƙyalle, ta ɗauki cokalin miya ta nufi bayan gida. Akwai ɗan itacen tuffa da maigidana ya dasa kusa da rafin, kaurinsa bai fi hannuna ba. A gindinsa ta tona ta binne, ta yi addu'a, ta kakkaɓe hannu.

"To, yarinya ta sami gari," in ji ta. "Duk inda ta je a duniya, nan ne gidansu. Ku kula da itacen nan."

Bayan sati uku surukina ya rasu, maigida ya tafi gida jana'iza da rabon gona. Ya bar mu mu uku, ni da Mama da jaririya, ga sanyi ya fara shigowa.

Wata safiya na leƙa ta tagar kicin na ga itace ɗaya daga cikin na bakin rafi ba ya nan. Muka fita. Kututturen yana tsaye, an fiƙe shi kamar fensir, ga ɓaraguzan itace farare a zube. Mama ta sunkuya ta ɗauki ɗaya ta juya shi.

"Wannan aikin gatari ne," ta ce. "Kuma mai shi ya iya sara."

Wanda bai tashi a ƙauye ba ba zai gane abin da muka ji ba. A garinmu ba a sare itacen iyaka don neman makamashi. Ana sare shi ne don a gaya maka cewa iyakar ta matsa, in kana da abin cewa ka fito. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina ga maciji a kan dorawa guda. Bayan kwana biyu wani itacen ya tafi, sannan wani, kuma kowane sabon kututture ya fi na jiya kusa da tuffar 'yata. Ban da haka, wani ya tara ƙirare da laka ya datse rafin daga ƙasa, irin yadda masu lambu ke yi da rani don su kwashe ruwan maƙwabci. Ruwa ya fara malalowa cikin ciyawarmu, yana nufo ɗakinmu na ƙarƙashin ƙasa. Sai ga shi da sassafe na hango tsohon a cikin rafin, sanye da dogayen takalman roba har ƙugu, yana leƙe-leƙe. Na ce, lallai biri ya yi kama da mutum.

Ranar da yamma ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ina bayan labule ina kallonsa, Mama tana riƙe da muciya. Ban buɗe ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya jingina wani abu a bango ya tafi. Naɗin wayar raga ce, irin ta kejin kaji. Na tsaya ina kallonta raina yana tafasa. Wato mu ne kajin? Na ja ta na cusa a mazubin shara, motar shara ta kwashe ta washegari.

Abin da ya biyo baya shi ya ƙarasa ni. A bakin ruwa, taku biyar daga tuffar, muka tarar an mulmula laka an yi ɗan tudu, an soka tsinke a kai, an shafa masa wani abu baƙi mai maiƙo. Mama ta kai hancinta ta ja da baya. Wari ne mai nauyi, wani iri tsakanin turare da ruɓa.

"Ke, 'yar nan," ta ce da ƙaramar murya, "ya ga inda na binne."

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na yi karatu, na ci jarrabawar Turawa a ƙasarsu, kuma da wata ce ta ba ni labarin nan a asibiti da na yi mata dariya. Amma cibiyar 'yata ce a ƙasan nan. Tsoro ya kama ni. Na ɗauko manjagara na rushe tudun, Mama tana watsa gishiri tana addu'a. Ina cikin kwasar lakar sai manjagarar ta taɓa wani ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, ya rufe da ƙara, ya kusa raba ƙotar biyu. Na jawo shi da ƙyar na wurga cikin daji. Na ce wa Mama ashe ba asiri kaɗai ba ne, har ƙafar mutum yake nema.

Sau uku tsohon yana kafawa, sau uku ina rushewa. Na sami maigida a waya da ƙyar, layi yana yankewa, abin da na iya ji kawai shi ne, "Ki rabu da mutumin nan har in dawo." Na ce to, irin to ɗin da mata suka sani.

Safiyar Asabar na ɗaga labule, babu tuffa.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Ɗan kututture ne ya rage, bai kai gwiwata ba, a fiƙe kamar sauran. Ga alamar inda aka ja itacen ta cikin laka zuwa ruwa, da ganye biyu uku a hanya. Mama ta zauna a ƙasa ta riƙe kai. Ni ko hawaye ban yi ba. Na cika hannu da ɓaraguzai, jaririya a bayana, na hau tudun na buga ƙofarsa da ƙafa. Da ya buɗe na watsa masa su a ƙirji, na zazzage masa duk Turancin da na sani, inda ya ƙare na ci gaba da Hausa.

Ya karkato da kai ya nuna kunnensa na dama. "Ki yi magana ta wannan gefen," in ji shi. "Ɗayan ya mutu tun ina saurayi."

Ashe shi ya sa ba ya amsa gaisuwa. Ya sunkuya ya ɗauki ɓarago ɗaya, ya shiga rumfarsa ya fito da wani ƙaramin ƙoƙon kan dabba, ya ce in biyo shi. A bakin rafi ya ɗora haƙoran ƙoƙon a kan kututturen tuffar. Suka zauna daram a cikin sawun saran, biyu biyu. Mama ta matso tana kallo.

"Wace dabba ce wannan," ta ce, "da jajayen haƙora kamar mai cin goro?"

Ya ce sunanta biba. Ban taɓa jin ta ba. Ya kwatanta mini: kamar gafiya ce amma ta kai ƙaramin kare, tana da wutsiya mai faɗi kamar takalmin soso, a ruwa take zama. Ita ke sare itatuwa ta ci ɓawon, ita ke datse rafi, kuma gab da hunturu ta fi ɓarna don tana tara abinci. Ya zaro takardar izinin hukuma daga aljihu ya nuna mini, ya ce kada in taɓa kafa tarko babu ita.

Daga nan ya shiga koya mini kamar na biya kuɗin makaranta, ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni. Ya ce mai fara wannan aiki yakan ruga ya rushe datsiyar, aikin banza, kafin gari ya waye sun sake ginawa. A fara da dabbar tukuna. A nemi santsin da take fitowa daga ruwa, ya nuna mini shi, laka ta yi sumul, a nan ake sa tarko a ƙarƙashin ruwa don kada kare ya faɗa. Tudun lakar kuwa, haka dabbar take yi don ta shaida wa 'yan uwanta iyakarta. Abin warin daga jikin wata irinta ake cirowa, in ta shaƙa sai ta ɗauka baƙo ya shigo mata, ta taho a fusace ta faɗa tarkon. A riƙa sa safar hannu, a duba tarko kowace safiya. Amma ya ce duk wannan na baya ne. Abu na farko, in akwai itacen da kake so, ka kewaye shi da wayar raga har ƙugu, ba za ta iya taɓa shi ba.

Ya dube ni. "Wayar da na kawo ba ta isa ba ne?"

Na ce na ajiye ta. Ƙarya ce, kuma ina jin ya sani.

Na tambaye shi mene ne nasa a ciki, tunda gidansa yana kan tudu. Ya ce babu. Ya ga ruwa zai shiga ɗakinmu na ƙasa, ya ga motar maigida ba ta motsa ba, ya kuma ji kukan jariri. Ya koma rumfarsa ya kawo ragowar waya ya kewaye kututturen, ya ce wataƙila ya yi toho, wataƙila a'a. Ya yi toho da bazara, amma har muka bar gidan bai taɓa yin 'ya'ya ba. Dabbobin ya kama su a cikin satin, guda biyu, sannan ya buɗe datsiyar kaɗan kaɗan ruwa ya janye.

Amma a safiyar nan, yana ɗaure wayar, na kasa haƙuri. Na sunkuya ta gefen kunnensa mai ji na ce, "Ka san wanda yake rushe maka tarko?"

"Na sani," in ji shi, bai ɗago ba. "Ina kallonki ta taga duk sau ukun."

"Me ya sa ba ka kai ni ƙara ba?"

"Na ga ke nas ce. Na ɗauka tausayin dabbar kike ji, ba kya son a kashe ta. Matata ma haka take, da tana raye da tare za ku riƙa rushewa."

Wata guda ina kallon mutumin nan a matsayin maye, shi kuwa iyakar abin da ya zarge ni da shi tausayi ne. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Mama ba ta jin Turanci. Ta ja ni da gefen zane.

"Me ya ce?"

Na dubi kututturen, na gyara goyon 'yata.

"Ya ce ruwan zai sauka, Mama."