Kifin da Daeng Ngalle Ya Hana Tukunya

Duk tsibirinmu babu wanda bai san Daeng Ngalle ba, mutumin da ya tsufa a bakin ƙugiya bai taɓa mallakar jirgi mai inji ba. Kwalekwalensa na gado ne, ya sha faci har ba a gane asalin katakon. Tun yana yaro kerapu yake kamawa, kifin nan mai faɗin baki da ke zaune cikin kogunan murjani kamar mai takaba. Ya san ja mai ɗigon shuɗi wanda 'yan birni ke rububi, ya san mai zanen damisa, ya san na laka wanda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ci. Da su ya aurar da 'ya'ya, da su ya rufa ɗaki da kwano.

Amma akwai guda da bai taɓa sa wa ƙugiya ba. Wani ƙato ne a murjanin yamma, daidai inda ruwa ke komawa baƙi. Tun kifin bai wuce tafin hannu ba yake jefa masa ragowar koto, har ya kai in ya ga inuwar kwalekwalen sai ya leƙo. Mutum da jikoki yana abota da kifi! Allah ya kyauta.

Matarsa, Daeng Kebo, ta daɗe da jin labarin. Sai da aka ce dangin saurayin jikarsu za su zo daga birnin Makassar neman aure, ta rantse kan kifin nan ne zai shiga miyar tsamiya, don kada baƙi su ce sun zo gidan matsiyata. Kullum ta aike shi, kullum ya dawo yana sosa ƙeya.

"Babu shi, Kebo. Ya tashi."

"Ya tashi? Haya yake biya aka kore shi? Yaushe ka taɓa ganin kerapu ya bar ɗakinsa, tsohon banza?"

To, a wurinmu ba a cewa "babu" a bisa ruwa. Wanda ya faɗa ya gayyato rashi cikin jirginsa, ko ruwan sha ne ya ƙare sai dai a ce ya yi yawa. Kebo kuwa 'yar masunci ce, jikar masunci. Ana gobe baƙi za su zo, Ngalle ya fito da safe ya tarar da ita zaune daram a kwalekwale, da ƙugiyar mahaifinta a cinya.

"Ina zuwa kuma?"

"Gaisuwa zan je yi wa abokinka. Tuƙa."

Ya tuƙa yana salati. Da suka kai ta ce ya leƙa. Ya sa tabaransa na katako na leƙen ƙarƙashin ruwa, ya tsoma fuska, ya daɗe kamar wanda zai kwana can.

"Akwai ko kuwa?"

Ya dubi sama, ya dubi ruwa. Kalmar "babu" tana bakinsa, amma tsoron abin da kakanni suka hana ya fi ƙarfinsa.

"Akwai," ya ce, murya kamar ta maras lafiya.

Ta saki ƙugiya da kanta. Kifin da ya saba da kyauta bai yi wata-wata ba, ya haɗiye. Yana jin zafin ƙarfe ya koma kogo, ya buɗe kumatunsa ya tokare duwatsu. Kebo ta ja, ta ja, ta kafa ƙafa a gefen kwalekwale har ɗankwalinta ya faɗa ruwa. Ko gezau. Ngalle da ya ga igiya na neman yanka bakin abokinsa, sai ya manta da wa yake tare, ya sunkuya yana roƙo:

"Haba Kebo, yi haƙuri, kar ki ji ciwo!"

"Ciwon me zan ji?"

"Ba da ke nake ba."

Ta tsaya, igiya a hannu. "Sunana ka sa wa kifi?"

"To ai kin gani. In ya shiga ɗaki ya ce ba ya fitowa, duk tsibirin nan a taru a ja."

"Da bakin ma, ko? Faɗi mana!"

"Ni ban ce ba."

Ta harare shi, ta harari ruwan, dariya ta ƙwace mata har kwalekwale na tangaɗi. Ta zaro wuƙa ta datse igiyar.

"Wallahi 'yan Makassar ba su isa su ci takwarata a miya ba. Je ka cire mata ƙarfen nan, in ta yarda da kai."

Ya nutse, ya yi ta lallashi har ya cire. Washegari baƙi suka sha miyar ƙananan jajayen kerapu, suka yaba, aka sa rana. Ngalle na nan har yau, gwiwa ta hana shi tuƙi sosai, amma ran da ya makara, Kebo ce ke tashinsa da hanjin kifi a ƙoƙon kwakwa, tana faɗa wai zai bar takwararta da yunwa.