Giwar da Shitu Ya Kamo

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a gindin madatsar ruwa ta Jabal Awliya, kudu da Khartum, ya san Shitu, in bai gan shi ba ya ji muryarsa. Kakansa mutumin Yawuri ne, ya taso aikin hajji a ƙafa, ya iso bakin Nilu ya ga kifi, sai ya ce ai Makka ba guduwa za ta yi ba. Nan aka haifi uban Shitu, nan aka haife shi, kamun kifi kuwa gado ya yi. Ga shi da ɗokin tsiya. Labari ba ya kwana a cikinsa, in ya ji abu da hantsi, kafin la'asar labarin ya isa can unguwar Umbadda mai nisa, har da ƙarin gishiri.

Shekarar da layin burodi ya fara kaiwa bakin titi, sai aka ji Shitu ya yi tsit. Matarsa Sauda ce ciwo ya kama a nono, wanda likitocin Khartum ke kira saratan, mu kuma ciwon daji. Aka fara mata kimawi, ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, abinci ya fita daga ranta, ta rame ƙwarai. Likita ya ce ba zai ƙara mata ba sai ta yi ƙarfi. Shitu ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji a kan ruwa ba.

Akwai wani Abdulganiyu, mutumin Zariya mai karatun likita a Khartum, da kan zo ran Juma'a ya sayi kifi ya sha hira da Hausa. Ran nan Shitu ya tambaye shi, tunda sunansa ciwon daji, ko namun daji ma suna yi.

"Suna yi, Baba, amma ba ɗaya ba," in ji Abdulganiyu. "Kare yana yi sosai, kaza ma in ta tsufa. Abin mamaki giwa ce. Ga jiki, ga tsawon rai, ya kamata a ce ta fi kowa kamuwa, amma da ƙyar yake taɓa ta."

Shitu bai tsaya jin ƙarshe ba. A bakin masunta giwa ɗaya ce, giwar ruwa, babban kifin nan da Larabawa ke ce wa ijil. Ta tudu mai haure kuwa ko a ransa ba ta zo ba. Ashe maganin yana ƙarƙashin kwalekwalensa tun yana yaro? Ya bar ɗalibin riƙe da kifi, ya fasa kasuwa da albishir.

Manyan giwayen ruwa sun yi wuya a gindin madatsa, don haka ya nausa kudu. Kai, ranar da ya kamo ta sai wanda ya gani! A raksha, keken nan mai ƙafa uku, aka ɗauko ta, jela na leƙowa waje, Shitu a gefe yana gaida wanda ya sani da wanda bai sani ba. Da kansa ya tsaya a kan tukunya, ya zuba lemun tsami da barkono, ya zauna gaban Sauda yana zayyano mata kare da kaza da giwa kamar shi ya gano. Ta kurɓi romon don ya yi shiru. Washegari ita ta nema. Da wannan ta ƙare ya kamo wata, kumatu suka fara dawowa, har ta koma yi masa faɗa, shi kuwa daɗi kamar ya kashe shi.

Wata safiya ta ce, "Ya Haj, tunda ga magani a gida, me zai mai da ni waccan azabar? Na bar asibiti." Gogan naka ya ce maganarta dutse.

Ran Juma'a ya tari Abdulganiyu da wannan albishir. Ɗalibin ya dafe kai.

"Innalillahi. Baba, giwar tudu nake nufi, mai dogon hanci. Kuma ko ita aka ci ba a samun komai. Jikinta ne, da ya ga wani ɗan wuri ya fara lalacewa sai ya kashe shi nan take kafin ya yaɗu."

Shitu ya zauna a bakin kwalekwale, kunya da haushin kansa suka taru masa. Can ya ɗago.

"To shi kimawin, me yake yi?"

"Kusan aikin ke nan, kashe abin da ya lalace. Gwaggo ta samu ƙarfin karɓarsa yanzu, in ta ƙi komawa ne za a yi asara."

Wannan karon bai yi gudu ba. Mutumin da ya saba shiga gida da labari a gaba, ranar sai da ya yi sallama sau biyu. Ya zauna a bakin gadon igiyar Sauda, ya faɗa mata duka, bai sa gishiri ko kaɗan ba. Ya ce shi ya ji giwa ya yi gaba, kifin kifi ne kawai, kuma dole a koma asibiti.

Sauda ta zame ɗankwali ta shafa kanta, inda gashi ya fara tsirowa baƙi-baƙi, ta san zai sake zubewa. Hawaye ya zubo mata, Shitu ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa.

"Tun ina amarya kake kwaso mini labarin kanzon kurege," ta ce. "Wannan ne kaɗai ya yi romo. Gobe ka tare mana mota ta fari, ka kuma zubo mini saura a kula. Can ba su iya miya ba."