Umair Ɗan Marina da Muryar da Ba a San Mai Ita Ba

Wani dare a farkon damina ina kwance a soro, sai na ji murya tana ratso katangar da ta raba gidana da na marigayi Malam Hambali marini. Ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba. Kamar an zura mutum cikin tsohuwar rijiya yana magana daga ƙasa. Ta faɗi abu, ta tsaya, ta sake faɗi. Ni mai son abin al'ajabi ne, na taɓa takawa har Gwammaja don in ga ɗan akuya mai kunne uku, amma ranar addu'a na yi na ja mayafi.

Da safe na tsare ɗan gidan, Umair, mai gabatar da shirin al'amuran yau da kullum a wani gidan rediyo. Na ce, "Yaro, da wa kake kwana?"

Ya yi dariya. "Baba Ilu, aiki ne. Muryar wani nake sauyawa don kada a gane shi."

"Wa?"

"Ka karya kuwa? Ga ƙosai."

Haka yake. Bayan sallar asuba ba ya yawan magana, wai yana tanadin maƙogwaro. Ya sha ruwan ɗumi da citta, ya rataya jaka, ya bi lungu yana gaida 'yan garuwa da masu shayi, yana tambaya fiye da yadda yake amsawa. Ni tun asali ban cika yarda da mutanen rediyo ba. Bokona bai wuce firamare ba, amma na san wanda ake jin muryarsa ba a ganin idonsa, a yi hattara da shi. Har gobe in ya ajiye waya kusa da ni, sai na leƙa ko tana ɗauka.

Maganar kududdufin bayan unguwarmu ce, nan Soron Ɗinki, inda ruwan sama ke taruwa tun zamanin kakanni. Wani attajiri ya riƙa turo motoci suna cike shi da ɓaraguzai, ana cewa shara ce mutane ke zubarwa. Bara ruwa ya rasa wajen zuwa, ya kayar da katangar Hajo mai koko, Allah ya tsare jikokinta. Umair ya kawo zancen a shirinsa. Da kukan kwaɗin kududdufin ya buɗe, abin da ya fi burge ni ke nan. Sannan aka ji muryar nan tana faɗin wanda ke aiko motocin da kantunan da za a gina. Umair ya nemi attajirin ya faɗi nasa, ya ƙi.

A cikin birni ba da murya kaɗai ake gane mutum ba. Akwai tarinsa, da kukan ƙyauren ɗakinsa, da carar zakaran gidansu, da yadda yake cewa "ka gane". Umair a cikinmu ya tashi, ya san wannan. Duk ya bi ya tsince su kamar tsakuwa a shinkafa. Auwalu tela ya yi ta maimaita shirin a waya, ya rantse ko numfashin bai gane ba.

Tun daga nan majalisarmu ta koma kallon kallo. An zargi wani direba, an zargi ladan. Ni ma an ce mini, "Ai kai ne kuke katanga ɗaya."

Mai unguwa ya kira Umair zaure gaban dattawa. Ya ce, "Ɗana, ba mai taɓa shi. Sunan kawai."

Umair yana durƙushe ya ce, "Ranka ya daɗe, abincinsa a hannun attajirin yake. Amana ya ba ni."

Ba a daɗe ba gidan rediyon ya dakatar da shirin. Aka ce ko ya bayyana sunan, ko mutanen unguwa su zo su shaida da bakinsu, in ba haka ba shirin ya tafi ke nan. Yanzu sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa yake karantawa. Motocin sun daina zuwa, amma wa ya san ko laɓewa suka yi?

Umair, kai ne baƙin rini, wanki ba ya fid da kai. Kai ne ka zaɓi a ƙwace maka shiri da a ƙwace wa wani abinci. Ban daina leƙa wayarka ba, amma in ina da sirri kai zan ba. Mun gode, Allah ya jiƙan Malam Hambali, ya mayar da kai kujerarka. Samarin birni masu sha'awar aikin jarida, ku koyi riƙe baki kafin ku koyi buɗe shi.

Jiya bayan la'asar na faɗi kusan haka a majalisa, kowa yana gyaɗa kai. Hajo ta zo wucewa da ƙwarya, ta tsaya.

Ta ce, "Malamai, yabo ya yi. Duk kun ga motocin nan da idonku. Wa zai raka ni rediyon gobe?"

Auwalu ya sunkuya yana neman allura a ƙasa.